Kafaɗa ta Huɗu

Allon da ke bakin Tembewadi shuɗi ne, a kan ƙarafa biyu aka kafa shi, kuma har yau cewa yake mutum ɗari biyu da sittin da uku ne a garin. Damina huɗu ta wanke fentin gefensa, tsatsa ta ci ƙusoshinsa, amma lambar ba ta goge ba. A ƙarƙashinsa kaɗai waya take kamawa. Shi ya sa da sassafen nan Bhagoji yake wurin, lema a maƙale a wuya, waya a kunne, yana ta zagaya ƙafar allon kamar akuya a turke.

"Nitin! Kana ji na?"

"Ina jin ka, Baba. Ba sai ka ɗaga murya ba, kamar mai kira daga kan dutse."

"Daga kan dutse nake kiran ka mana. Ko ka manta inda aka haife ka?"

Daga can Mumbai ya ji dariyar ɗansa, da ƙarar injina a bayansa. Bhagoji bai yi dariya ba.

"Ƙanwarka ce. Ƙafafunta sun kumbura, jiya har fuska. Wanita malamar lafiya ta ce sai an sauka da ita asibiti. Ka hau mota yau."

"Baba, ko yanzu na hau, sai gobe da hantsi zan iso. Kuma mai kamfani ya ce duk wanda ya tafi kafin bikin Ganpati, babban bikinmu na shekara, ya tafi ke nan. Saura mako uku. Duk za mu zo, garin zai cika har a rasa wurin shimfiɗa."

"Ciki ba ya jiran biki."

"To ai kuna da mutane. Ga ka, ga Kondiba, ga Ramji."

"Uku ke nan. Na huɗun fa?"

Wayar ta yi shiru. Bhagoji ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma, bai san ko layin ne ya yanke ko yaron ne ya rasa abin faɗi ba.

Daga allon zuwa titi tafiyar awa biyu ce ga mai lafiya wanda bai ɗauki komai ba. Akwai matakalar dutse ɗari bakwai da 'yan kai, akwai daji, akwai rafi guda. Wanda ba zai iya takawa ba a doli ake sauke shi: bargo ne ake ɗaurewa a doguwar gora, mutum ya kwanta a ciki, maza biyu su saɓa a kafaɗa, biyu su bi baya su karɓe su in sun gaji. Tun kakanni ba a taɓa yi da ƙasa da huɗu ba.

Ya ɗaga kai ya dubi lambar. Ya tuna ranar da ma'aikacin ƙidaya ya hawo yana haki, ana ta raɗe-raɗin cewa garin da ya haura ɗari biyu da hamsin za a yi masa titi. Ko ba don titi ba ma, a Tembewadi ba a ce wa ɗa "ba ya nan". Mamaci ake gaya wa haka. Don haka kowane gida ya lissafa nasa duka. Bhagoji ya ba da sunan Nitin da matarsa da 'ya'yansu biyu, waɗanda sau biyu suka taɓa ganin garin, kuma duka biyun kuka suka yi saboda matsattsaku. Titi bai zo ba. Allo ne ya zo.

Da ya koma gida ya tarar matarsa Girja tana gasa gurasar tamba, amma hankalinta ba a kan kaskon yake ba, ƙauri ya cika ɗakin. 'Yarsu Shewanta tana kwance a tabarma da tsohon ciki, ta jingina da buhun shinkafa. Wanita, malamar lafiyar garin, ta naɗa mata abin awon jini a hannu tana matsawa.

"Baba, ka samo mini sojojin?" in ji Shewanta. Ta yi ƙoƙarin murmushi, kumburin fuskar ya hana shi fita daidai.

"Suna nan tafe. Ke dai kwanta."

Wanita ta kwance abin, ta yafito shi waje, ƙarƙashin rumfa.

"Baban Shewanta, jiya na ce gobe ko jibi. Na janye. Jinin ya ƙara hawa, kanta yana sarawa, ta ce tana ganin walƙiya a ido. Yau za a sauka da ita, kafin ruwan la'asar ya cika rafi. Zan je allo in kira motar asibiti ta jira mu a bakin titi."

"Yau."

"Yau. Kuma ba za ta taka ko matakala goma ba."

Bhagoji ya shafa fuska. "Duba mini littafinki. Wa da wa muke da su? Ko akwai wanda na manta."

"Ba sai na duba ba. Mutum arba'in da bakwai ne suke kwana a garin nan, har da Shewanta. Yara uku. Mata talatin da ɗaya. Maza goma sha uku, goma daga ciki sun haura saba'in."

"Uku dai ke nan."

"Na ce mata talatin da ɗaya."

"Ba yawan jama'a nake tambayarki ba, 'yata. Kafaɗa nake nema."

Ta ja gyalenta ta nufi allo.

Shi ya jawo wannan, ya kuma sani. Mijin Shewanta, Dattu, so ya yi ta haihu a Pune, inda asibiti yake bayan layinsu. Bhagoji ya hau mota biyu ya je, ya zauna a ɗan ɗakinsu ya ƙi shan shayi sai an saurare shi. Ya ce haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, haka aka yi wa Girja, haka aka yi wa uwar Girja. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, shekara shida ke nan ba a ji kukan jariri a Tembewadi ba. An rufe makaranta, awaki ne suke fakewa a ciki. Sau ɗaya kawai yake so ya wuce ta ƙofar gidansa da tulun madara ya ji wannan sautin. A wata na bakwai ya ɗauko ta, ta hawo matakalar da ƙafarta tana yi masa tsiya cewa ya tsufa.

Bai tsaya cin gurasar ba. Ya fita.

Kondiba yana garke yana tatsar ɓaunarsa, yana tari. Bhagoji ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannun lema. "Zo ka ba da kafaɗa" magana ce ta gidan mutuwa, ba a furta ta a kan mai rai, balle mai ciki.

"Kondiba, yau za mu sauka ƙasa. Da kaya."

Kondiba bai ɗago ba. "Kaya mai nauyin mutum biyu?"

"I."

"Na ji tun jiya. Ka ɗauka akwai abin da zai faru a garin nan ban ji ba? Mu nawa ne duka?" Ya yi tari mai tsawo, ya tofar. "Zan zo, Bhagya. Amma ka san ƙirjin nan. Ni ne na baya, kada ka sa ni gaba in ja ku mu gangara."

"Wa ya ce za a ba ka gaba? Tun muna yara ba ka taɓa sanin hanya ba."

"Ni na nuna maka hanyar gidan surukanka, mara kunya."

Gidan Ramji shi ne na can ƙarshe, a saman gari. Kafin a kai sai an wuce gidaje goma sha ɗaya, kowanne da kwaɗo a ƙofa. Wasu kwaɗunan an naɗe su da leda don kada su yi tsatsa kafin biki. Kabewa ta hau rufin wani, gansakuka ta rufe dandamalin wani. Bhagoji yana tafe yana kiran sunayen masu gidajen a ransa ba da niyya ba. Wannan yana gadi a Thane. Wannan yana dako a kasuwar kifi. Wannan da 'ya'yansa uku, duk ƙarti, suna tuƙin babur mai ƙafa uku. Da a ce kwaɗo yana da kafaɗa, da tuni an sauka.

Ya tarar da Ramji zaune a ƙasa a tsakar gida, ba tabarma. Ba hayaƙi a madafa. Tun kafin ya yi magana Bhagoji ya san ba lafiya.

"Yayana ne ya rasu," in ji Ramji. "Jiya da yamma na je allo aka gaya mini. Har sun ƙona shi. Wai mota ce ta kai shi, ma'aikata biyu suka tura shi a gadon ƙarfe mai taya. Mutumin da ya ɗauki gawar rabin tsofaffin garin nan zuwa rafi inda ake ƙonawa, ko kafaɗa ɗaya bai samu ba."

Bhagoji ya tsuguna daga nesa, ya yi masa gaisuwa. Kwana goma mai makoki ba ya shiga gidan kowa, ba ya taɓa abincin kowa, inuwarsa ma ba a so ta faɗa kan mai ciki.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Ramji. "In ka yarda, ni zan ɗauka. Ba ni da wani aiki sai zama."

Bhagoji ya dubi kafaɗun mutumin, masu faɗi kamar ƙofa. Babu irinsu a garin. Ya buɗe baki. Sai ya ga idon Girja a ransa, ya ji abin da za a ce in wani abu ya faru a hanya, abin da shi kansa zai riƙa gaya wa kansa har ya mutu.

"Zauna, ɗan'uwana. Za mu san yadda za mu yi."

Da bakinsa ya mayar da uku biyu.

Tsohuwar gorar doli a rufin ɗakin bauta ake ajiye ta, don ɗanyar gora ta makara ce, ba wanda zai sara ta yau. A dandamalin ya tarar da Dhau Kaka, wanda ya ba tamanin baya, yana zaune inda yake zama kullum, sanda tsakanin gwiwoyi.

"An ce kana neman na huɗu. Ga ni."

"Yanzu na uku ma nake nema, Kaka."

"To ni ne na uku da na huɗu. Kana ganin ƙashin nan? Ni na ɗauki kakanka zuwa rafi, ban sauya kafaɗa ba."

"Kaka, kada ka ambaci wannan yau."

"Lokacin da nake saurayi, in aka buga ganga a nan, maza sittin ne suke fitowa. Sittin! Har faɗa ake yi kan wa zai ɗauka." Ya nuna gangaren da sandarsa. "Yanzu a rubuce kuka fi mu yawa."

Bhagoji ya sauko da gorar, ya ƙwanƙwasa ta gaɓa gaɓa yana sauraron ko gara ta shiga. Lafiyarta ƙalau. Ita kaɗai ce a garin ba ta tsufa ba.

Rana ta kusa tsaka suka tashi. Sama ta fara haɗa baƙi ta yamma. Girja ta shafa wa 'yarta toka a goshi, ta ɗauki ƙullin kaya. Wanita ta rataya jakarta. Bhagoji ya shiga gaba, Kondiba a baya. Har allo komai ya tafi daidai, don hanyar shimfiɗaɗɗiya ce.

A matakala ta biyar ƙasan bargon ya daki dutse. Shewanta ta yi ƙara ta cije leɓe.

"Ɗaga, Kondiba!"

"Ina ɗagawa! Kai ne ka yi ƙasa da yawa!"

Gangaren ya yi tsaye, na gaba yana ƙasa, na baya yana sama, bargon yana lilo a tsakani yana neman kowane gefen dutse. Dole suka riƙa tallafe gorar da hannu suna ɗaga ta sama da kafaɗa. Dutsen ga santsi. Bhagoji yana ƙirga matakalar a ransa, don in bai ƙirga wani abu ba zuciyarsa za ta fito. Sittin. Tamanin. Numfashin Kondiba ya koma kamar ana yanka itace da zarto. A ta ɗari da goma sha biyu ya ji gorar ta yi nauyi gaba ɗaya. Ya waiwaya. Kondiba ya durƙusa a kan gwiwa, ya riƙe gorar da hannu biyu a saman kansa don kada yarinyar ta taɓa ƙasa, tari yana girgiza shi, fuskarsa ta yi toka.

Suka sauke ta a hankali a wani faffaɗan dutse.

"Bari in huta kaɗan," in ji Kondiba. "Kaɗan kawai."

Saura ɗari shida, da daji, da rafi. Ɗigon farko ya faɗo a hannun Bhagoji. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya taka matakala uku ya dawo. Ya ce zai goya ta. Wanita ta ce da wannan cikin? Ya ce zai koma ya kira Ramji. Girja ta ce, "Kun ji abin da kuke faɗa kuwa?" Ya sake sauka matakala uku ya sake dawowa.

"Baba," in ji Shewanta, idonta a rufe, "ka tsaya wuri ɗaya. Kana sa ni jiri."

A gefen hanyar gonakin shinkafa ne hawa hawa, matan gari suna dashe, kowace da rufin ganye a bayanta kamar kunkuru. Tun ɗazu sun miƙe suna kallo. Wadda ta fara fitowa daga taɓon ita ce Saguna, gwauruwa mai shekara hamsin da biyar, wadda ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Ta hawo tana share hannu a zanenta na sari.

"Bhagya, wannan wace irin rawa ce kake yi a hanya? Ina sauran mazan?"

"Mu ke nan, Saguna-tai," in ji shi. Haka kowa yake kiranta, wato Yaya Saguna.

"Ku ke nan." Ta dubi Kondiba da ke zaune yana haki. "Ɗaya da rabi. Matsa."

"Me za ki yi?"

"Shayi zan dafa. Na ce matsa."

Ya tare gorar da jikinsa. "Tai, mace ba ta ba da kafaɗa. Kin sani. Ba a taɓa yi ba. Ba na son a jawo wa yarinyar nan wani abu."

"Wa ya ce maka kafaɗa zan ba ta? Ni me zan yi da kafaɗa?" Ta ciro tsumman da ke ɗamararta, ta naɗe shi gammo, ta ɗora a ka. "Madarar ɓaunarka wa yake sauke ta bakin titi kowace safiya tun da gwiwarka ta lalace? Tulu biyu, ɗaya kan ɗaya. Buhun taki wa yake hawo da shi? Kwanon rufin ɗakin bauta, aljanu ne suka kawo shi?"

"Wannan kaya ne."

"Ai na ji ka gaya wa Kondiba kaya za ku sauke."

Matan da suka taru a bayanta suka kwashe da dariya. Bhagoji ya juya wajen matarsa yana neman ta tsaya masa. Girja ta riga ta ajiye ƙullin kayanta, tana naɗa nata gammon.

"Kun ji," in ji ta ba tare da ta dube shi ba, "ku riƙe mata lema."

Saguna ta jera su biyu biyu, tana gwada tsayinsu da ido, doguwa a gaba, gajera a baya, don gorar ta daidaita a gangare. Suka tattare sari suka soke a ƙugu. Mata huɗu suka ɗaga gorar, biyu suka shiga ƙarƙashi. Da ta hau kan gammo, bargon ya tashi sama da dutse da kusan kamu guda. Suka fara sauka, bai taɓa ko matakala ɗaya ba.

Ba su ƙirga komai ba. Ƙafafunsu sun san kowane dutse, wanda yake motsi da wanda gansakuka ta ci. Wuyansu a miƙe, hannu ɗaya a gora, ɗaya yana lilo. In ɗaya ta gaji sai ta ce "zo", ta bayanta ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin gorar, ita kuma ta zame, ba a tsaya ba, ba a sauke ba. Suna tafe suna gardama kan irin shinkafar da ya fi jure ruwa, da kuma akuyar wa ta ci dashen wa. Ruwa ya sauko sosai. Bhagoji yana gefe yana tuntuɓe, ya miƙa hannu iya tsawonsa don lemar ta rufe fuskar 'yarsa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf.

"A hankali nan, akwai santsi," in ji shi.

"Ji mai koya mana hanya," in ji wata daga baya. "Yaushe rabonka da ita, Bhagya?"

"Ku bar shi," in ji Saguna daga ƙarƙashin gora. "Shi ne namijin tafiyar. In damisa ta fito shi za mu ba ta."

Har Shewanta sai da ta yi dariya a cikin bargon.

Rafin ya riga ya fara ja, ruwan ya yi launin shayi, ya kai cinya. Matan ba su yi shawara ba. Suka shiga suka yi layi biyu, hannu cikin hannu, masu doli suka bi ta tsakiya. Can ƙasa, inda ruwan yake karyawa ya faɗa kwazazzabo, Bhagoji ya hangi mutum tsaye a cikin ruwa har ƙugu, ya ware hannuwa. Ramji ne. Ta daji ya biyo su, ya tsaya inda inuwarsa ba za ta kai ba, inda duk wadda ruwa ya ja dole ta biyo ta wurinsa. Ba wadda ruwa ya ja. Da suka haye, Bhagoji ya waiwaya, mutumin ya riga ya juya.

Motar tana bakin titi. Da aka shigar da Shewanta, matan suka kwance gammo suka matse ruwa, suka yi ta cire matsattsaku daga ƙafa. Bhagoji ya ga yatsunsa suna ƙirga matan da kansu. Su goma sha huɗu ne.

"Ka shiga mota mana," in ji Saguna. "Mu dashe muka bari."

A asibiti wani ma'aikaci ya tambaye shi inda mara lafiya take zaune.

"Tembewadi."

Ma'aikacin ya duba katinta. "Nan an rubuta Pune."

"'Yata ce. A Tembewadi aka haife ta."

"Gidan mijinta nake tambaya, Baba. Abin da za a haifa ma can za a rubuta shi."

Likitar, wata mata mai tabarau, ta fito bayan awa guda. Ta tambayi wanda ya ce a kawo ta yau, aka nuna Wanita. Ta ce, "Da kun ƙara kwana," ba ta ƙarasa ba, ta koma ciki. Washegari da hantsi aka yi wa Shewanta aiki. Mace aka samu, ƙarama, aka wuce da ita wani ɗaki mai gilashi kafin Bhagoji ya gan ta da kyau. Dattu ya iso da motar haya. Ya taɓa ƙafar surukinsa, ya ce cikin ladabi in an sallame su Pune za su wuce, kuma yana roƙon Girja ta bi su ta yi wata biyu. Bhagoji ya ce hakan ya yi. Ya hau dutse shi kaɗai, don ɓauna ba ta san an yi haihuwa ba.

Kwana shida bayan nan, da la'asar, Bhagoji yana ƙarƙashin allo, waya a kunne.

"To wa ya zama na huɗun?" in ji Nitin.

"Saguna-tai."

"Wace Saguna? Baba, layin ba kyau. Na ce wa ya ɗauka?"

"In ka zo biki ka tambaya."

Da ya kashe, wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga Shewanta, ba rubutu, sai wani ɗan layi da bai san yadda ake buɗe shi ba. Wanita tana dawowa daga gidan Kondiba da ta kai wa magani, ya miƙa mata. Matan gari suna hawowa daga gona a jere, kowace da damin ciyawa a ka. Dhau Kaka ma ya lallaɓo da sandarsa, don duk inda aka taru sai ya je.

Wanita ta danna. Aka ji motsin zane, aka ji muryar Girja tana cewa a matso da wayar. Sai kuka ya tashi, siriri, mai kaifi, mai fushi, ya fita daga tafin hannun Wanita ya bi ta kan gidajen da ke kulle.

Matan suka tsaya cak, ba wadda ta sauke kayanta. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne, ya ƙare.

Dhau Kaka ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa allon. "Ɗari biyu da sittin da huɗu."

"Arba'in da biyar, Kaka," in ji Wanita. "Shewanta da uwarta sun tafi."

Bhagoji bai dubi allon ba. Yana kallon wayar, hannunsa a buɗe kamar za a miƙo masa wani abu.

Saguna ta gyara zaman damin da ke kanta, ta matso.

"Ke Wanita," in ji ta, a hankali, "sake kunnawa."